Filin Tambaya da Amsa: Sinadaran da Sanyi Ke Haɗawa Kafin Tauraro Ya Kunnu

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan abu ɗaya, wato labarin da ake ta ji cewa masana sun gano sinadarai masu sarƙaƙiya a kewayen taurarin da ba su gama haɗuwa ba. Mun zaɓi shida, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin wuri.

Assalamu alaikum. Ni malamin kemistiri ne a wata sakandare a Zariya. Abin da muke koya wa yara shi ne zafi ke hanzarta haɗuwar sinadarai. To ta yaya wurin da sanyinsa ya wuce misali zai samar da irin su etanol? Kuma waɗanne sinadarai ake magana a kai?

Wa alaikumus salam, Malam. Ana magana ne a kan duk ƙwayar sinadari mai ɗauke da kabon wadda atam ɗinta suka kai 6 ko suka fi. Metanol, CH3OH, shi ne na farko a layi, atam 6 cif. Sai asetaldehaid mai 7, sai metil fomet da asid ɗin asetik da glaikolaldehaid masu 8 kowanne, sai etanol da daimetil ita masu 9. A ɗakin gwajinka waɗannan ƙanana ne. Amma a wurin da ƙwaya ɗaya kan yi kwanaki ko makonni ba ta ci karo da 'yar'uwarta ba, haɗa atam 9 ba ƙaramin aiki ba ne.

Tauraro yana farawa ne daga baƙin gajimare na gas da ƙura wanda nauyinsa ke sa shi dunƙulewa. Cikin gajimaren sanyi yakan kai digiri 263 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, wato 10 a ma'aunin Kelbin. A kowane ɗan wuri mai tsawo da faɗi da zurfin santimita ɗaya-ɗaya akwai ƙwayoyi dubu 10 zuwa dubu 100, alhali iskar da kake shaƙa tana da biliyan 25 sau biliyan ɗaya a wannan ɗan wuri. Galibinsu haidurojin ne da hiliyam. Ƙura kashi 1 ce kawai cikin 100 na nauyin gajimaren, kuma kowace ƙwayarta ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na maikuron ba (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Ta fi kusa da hayaƙi a ƙanƙanta fiye da ƙurar hunturu. Wannan kashi 1 ɗin shi ne ke ɗauke da aikin.

Dalili kuwa, idan atam biyu suka haɗu a sarari, ƙarfin da haɗuwar ta saki ba shi da inda zai tafi, sai ya sake raba su. A kan ƙura, jikin ƙwayar ne ke shanye wannan ƙarfin. An daɗe ana zaton metanol a gas yake haɗuwa, har sai da gwajin da aka yi a Stockholm a 2006 ya nuna cewa matakin ƙarshe na wannan hanya metanol kusan kashi 3 cikin 100 kawai yake bayarwa, sauran duk tarwatsewa suke yi.

Ga yadda abin ke tafiya a kan ƙura. Da farko atam ɗin oksijin da na haidurojin suna sauka su haɗa ruwa, wanda ke daskarewa nan take, tare da methen da amoniya da kabon dayoksaid. Da gajimaren ya ƙara matsewa, sanyi ya sauka ƙasa da Kelbin 20 zuwa 25, sai kabon monoksaid, CO, shi ma ya daskare a saman wancan rufin. Daga nan atam ɗin haidurojin, kusan ɗaya a rana ga kowace ƙwayar ƙura, yake sauka. Da yake shi ne mafi rashin nauyi, shi kaɗai ke iya yawo a kan ƙanƙara a wannan sanyi. Ya manne wa CO ya zama HCO, wani ya zo ya zama fomaldehaid H2CO, wani ya zo ya zama CH3O, na huɗu ya cika metanol. Matakai biyu daga ciki suna da shingen ƙarfi wanda a ƙa'idar da kake koyarwa sai da zafi za a haye shi. Haidurojin ba hayewa yake ba, ratsawa yake, bisa ɗabi'ar ƙananan ƙwayoyi da kimiyyar kwantom ta bayyana. Naoki Watanabe da Akira Kouchi na Jami'ar Hokkaido a Japan sun nuna wannan a ɗakin gwaji a 2002. Kuma sanyin nan sharaɗi ne: idan ƙanƙarar ta ɗumama ta haura Kelbin 20, haidurojin yakan tashi kafin ya sami abokin haɗi.

Abin da ya fi burge mu shi ne tafiyar ba gaba kawai take yi ba. Wani lokaci haidurojin mai sauka yakan fizge wani haidurojin daga fomaldehaid ko metanol su tafi tare, ya bar guntu mai hannu a sake, abin da ake kira radikal. Idan guntaye biyu suka sami kansu kusa da juna sai su kama hannu. HCO da CH2OH su ba da glaikolaldehaid. HCO da CH3O su ba da metil fomet. CH2OH biyu su ba da etilin glaikol, wanda ake zubawa a lagireton mota a ƙasashen sanyi. CH3 da CH2OH su ba da etanol. A Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan an haɗa glaikolaldehaid da etilin glaikol ta wannan hanya a 2015, a Kelbin 13, ba tare da wani haske ko zafi ba.

Zafi yana da nasa rabo, Malam, sai dai a baya yake zuwa. Da jinjirin tauraro ya fara ɗumama kewayensa zuwa Kelbin 20 zuwa 40, manyan guntaye ma sai su fara motsi suna haɗuwa. Lissafin Robin Garrod da Eric Herbst na 2006 a kan wannan aka gina shi. Da zafi ya kai Kelbin 100, ƙanƙarar ruwa sai ta koma gas kai tsaye ba tare da ta narke ba, ta saki duk abin da ta riƙe. An yi shekaru ana ganin dole sai da wannan ɗumin. Sai a 2012 aka ga metil fomet da daimetil ita a cikin dunƙulen gajimare mai suna L1689B, inda ko alamar tauraro babu. Tun daga nan ba wanda ke iya cire hanyar sanyi daga lissafi. Muhawarar da ta rage ita ce nawa ne ƙanƙara ta haɗa, nawa ne gas ya ƙarasa bayan an sake su.

Ni mai saita dish ne a Kano. Na san wahalar kama sigina daga tauraron ɗan'adam da ke nan kusa. Ta yaya mutum zai ce ya gane sunan sinadari daga nisan da haske ma sai ya yi ɗaruruwan shekaru yana tafiya? Ba ƙiyasi ba ne?

Ranka ya daɗe, da dish ake yi, irin aikinka ne ya girma. Kowace ƙwayar sinadari da ke cikin gas juyawa take yi, kuma duk sa'ad da ta rage saurin juyawa takan saki sigina a kan wata lamba tsayayya. Kowane sinadari da jerin lambobinsa, ɗaruruwa ko dubbai. Dish ɗin talabijin yana aiki a wajajen gigahaz 11 zuwa 12. Na'urar ALMA da ke tudun Chajnantor a ƙasar Chile, mita 5,000 sama da teku, tana da dish 66, 54 masu faɗin mita 12 da 12 masu faɗin mita 7, ana iya baza su har nisan kilomita 16, kuma tana saurare a ɗaruruwan gigahaz. An kai ta wannan tsauni mai bushewa ne saboda tururin ruwa a iska yana cinye irin wannan sigina.

Misalin da aka fi nazarta shi ne IRAS 16293-2422, jinjiran taurari da ke nisan tafiyar haske ta sama da shekaru 400. A nan ne tawagar Jes Jørgensen ta Kofanhegan ta ga glaikolaldehaid a 2012. Daga baya suka share zangon gigahaz 329 zuwa 363 gaba ɗaya, suka sami layukan sigina sama da 10,000.

Tantancewar tana da matakai. Sai an fara auna lambobin sinadarin a ɗakin gwaji a nan duniya. Akwai rumbun irin waɗannan lambobi a Jami'ar Kolon ta Jamus da kuma cibiyar JPL a Amurka. Sai a gyara ɗan gocewar da motsin tauraron ke jawo wa lambobin. Sai a sa wa kwamfuta zafin da ake zato, galibi Kelbin 100 zuwa 300, da yawan sinadarin, ta fitar da layukan da ya kamata a gani da ƙarfin kowanne. Hukuncin mai tsauri ne: duk layin da lissafi ya ce zai fito da ƙarfi dole a same shi. Idan goma sun fito ɗaya mai ƙarfi ya ɓace ba dalili, magana ta rushe.

Inda ake tuntuɓe kuwa da yawa. Layuka suna hawa kan juna, musamman na metanol da metil fomet da suka cika ko'ina. Shi ya sa a IRAS 16293, mai ɓangarori biyu, A da B, aka fi dogara da ɓangaren B, wanda layukansa sirara ne, faɗinsu kusan kilomita 1 a daƙiƙa, ba ɓangaren A ba inda gas ke gudu layukan suka baje suka cakuɗe. Irin wannan cakuɗewa ce ta kayar da sanarwar 2003 cewa an ga glaisin, mafi sauƙin amino asid, wato tubalan da jiki ke gina furotin da su, a sararin samaniya. A 2005 wata tawaga ta nuna cewa layukan da ya kamata su fito ba su nan.

Matsala ta biyu, metanol yakan yi yawa har siginarsa ta cika ta daina ƙaruwa, sai a raina yawansa. Maganin shi ne a auna nau'insa mai kabon-13, wato kabon mai ɗan ƙarin nauyi, wanda ke zuwa kusan 1 cikin 70, ko mai oksijin-18, kusan 1 cikin 560, sannan a ninka. Ta uku ta fi yaudara. A gajimaren NGC 1333, wanda a sama ba shi da nisa da inda Kaza da 'Ya'yanta suke, akwai tagwayen jinjirai, IRAS 4A1 da 4A2. ALMA ta ga sinadarai jingim a 4A2, ta ga 4A1 fayau. An yi ta neman dalilin da tagwaye za su bambanta haka. A 2020 Marta De Simone da abokan aikinta suka duba da na'urar VLA ta Amurka a dogon zango wanda ke ratsa ƙura, sai ga metanol a duka biyun. Kaurin ƙura ne ya rufe na 4A1.

Ni ɗaliba ce a Maraɗi. Idan ALMA ta riga ta ga waɗannan abubuwa, me madubin James Webb ya ƙara?

Malama, ALMA sinadaran da ke cikin gas kawai take ganewa. Ƙwayar da ta daskare cikin ƙanƙara ba ta juyawa, don haka ba ta da siginar rediyo. Abin da take yi shi ne rawar jiki, kuma wannan rawa tana tsotse hasken infared, wanda ido ba ya gani, a wasu wurare sanannu da ake auna su da maikuron. Jinjirin tauraron da kansa shi ne fitila a baya. Haskensa yana ratso ƙanƙarar da ke kewaye da shi, sai a duba inda ya ragu: ruwa a maikuron 3, kabon dayoksaid a 4.27 da 15.2, kabon monoksaid a 4.67. Kafin Webb, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021 da madubi mai faɗin mita 6.5, metanol ne kaɗai daga cikin masu sarƙaƙiya aka tabbatar a ƙanƙara. Sauran a gas aka san su, ana cewa daga ƙanƙara suka fito ba tare da an gan su a can ba.

A watan Maris 2024 tawagar Will Rocha da Ewine van Dishoeck ta Leiden ta sanar da sakamakon jinjirai biyu, IRAS 2A mai ƙaramin nauyi irin na ranarmu tana jaririya, da IRAS 23385 mai babban nauyi. A tsakanin maikuron 6.8 da 8.6, da na'urar MIRI ta cikin Webb wadda ake sanyayawa ƙasa da Kelbin 7, sun ga etanol da asetaldehaid da metil fomet a daskare, da alamar asid ɗin asetik, wanda ke ba ruwan kal tsaminsa. A 2025 tawagar Marta Sewiło ta ga irin waɗannan a kewayen ST6, a wani gungun taurari da ke maƙwabtaka da namu, nisan tafiyar haske ta shekaru 160,000, inda kabon da oksijin ba su kai yawan na nan ba.

Wannan aikin ya fi na rediyo wuya. Alamar ƙanƙara faɗi gare ta, kuma ba ta nuna sinadari sukutum, wani sashe na jikinsa take nunawa, wanda wasu sinadarai da dama ke da irinsa. Ga shi siffarta tana sauyawa gwargwadon abin da aka cakuɗa da shi. Etanol cikin ƙanƙarar ruwa daban yake fitowa da etanol cikin ƙanƙarar CO. Sai an fara zana yadda hasken zai kasance in babu ƙanƙara, a cire babbar alamar ƙurar silikat ta maikuron 9.7, sannan a gwada haɗe-haɗen ƙanƙarar da aka auna a ɗakin gwaji har a sami wanda ya dace. Kuskure kaɗan a zanen farko ya isa ya ƙirƙiro alama ko ya share ta, domin sinadaran da ake nema kusan kashi 1 ne cikin 100 idan aka gwada da ruwa. Idan kika karanta irin wannan sakamako, ki lura da waɗanda aka ce an tabbatar da waɗanda aka ce alama ce. Masu binciken suna bambancewa, kanun labarai ne ba sa yi.

Da gaske ne akwai giya a sararin samaniya? Mai karatu daga Jos.

Akwai etanol, sinadarin da ke sa maye a giya, kuma tun 1975 aka gan shi a gajimaren Sagittarius B2 kusa da tsakiyar gungun taurarinmu. Ba ruwa ba ne a kwance. Ƙwayoyi ne jefi-jefi cikin gas wanda ya fi duk wani wofin da ake iya yi a ɗakin gwaji na yau da kullum sirantaka, ko kuma daskararru a jikin ƙura, gauraye da metanol mai makantarwa da sayanaid. Ba ruɓewar hatsi ko 'ya'yan itace ta kawo shi ba.

Ni daga Katsina nake. Na ji labarin dutsen da ya faɗo daga sama a Zagami. Irin waɗannan duwatsu ne ke kawo sinadaran duniya? Kuma wannan yana nufin an gano rai a wani wuri?

Ɗan'uwa, dutsen Zagami, wanda ya faɗo ranar 3 ga Oktoba 1962 da nauyin kusan kilo 18, ɓallen duniyar Mars ne, dutsen da ya taɓa narkewa ya sandare. Yana da daraja sosai a wurin masana, amma ba shi ne mai ɗauke da wannan tarihi ba. Masu ɗauke da shi baƙaƙen duwatsu ne masu kabon waɗanda ba su taɓa narkewa ba, irin na Murchison da ya faɗo a Ostareliya a 1969, wanda aka sami amino asid iri sama da 70 a cikinsa.

Tambayar ita ce ko abin da sanyi ya haɗa yana tsira har ya shiga faifan gas da ƙura da ke kewaye tauraro, inda duniyoyi ke haɗuwa. Yawanci ba a iya gani, domin a faifan ma daskararre yake. Tauraron V883 Orionis, mai nisan tafiyar haske ta shekaru 1,300, ya ba da dama: haskensa ya tashi ƙwarai saboda kayan da ke kwarara cikinsa, zafin ya tura iyakar ƙanƙara zuwa ninki 40 ko fiye na nisan duniya da rana. A gas ɗin da ya saki, an ga metanol da asetaldehaid da metil fomet da asiton a 2019. A 2023 aka auna ruwansa aka ga yawan haidurojin mai nauyi a ciki ya yi kama da na taurari masu wutsiya na nan gida, alamar ruwan ya girmi tauraron. Kumbon Rosetta, wanda ya raka tauraro mai wutsiya 67P daga 2014 zuwa 2016, ya sami glaisin a can, kuma da aka gwada yawan sinadaransa da na IRAS 16293 B a 2019 an ga suna tafiya tare. Samfurin gram 121.6 da kumbon OSIRIS-REx ya kawo daga Bennu, wani dutse da ke kewaya rana, a Satumba 2023 yana da aƙalla 14 daga cikin amino asid 20 da jiki ke gina furotin da su.

Amma a yi hattara da tsallake. Da yawa daga abin da ke cikin Bennu da Murchison ruwa ya taɓa shi a cikin uwar dutsen bayan ƙanƙararta ta narke, don haka ba duka ne gadon gajimare kai tsaye ba. Batun rai kuwa, a'a, ba a gano ba. Amino asid suna zuwa da siffa biyu, ta hagu da ta dama. Masu rai a duniya ta hagu suke amfani da ita kusan zalla, na Bennu kuwa kusan rabi da rabi suke, yadda kemistiri marar rai ke bayarwa. Glaikolaldehaid atam 8 ne, ƙaramin furotin kuma dubbai ne a jere bisa tsari.

Ina karatun fiziks a jami'a. Akwai abin da mutum zai iya yi a wannan fanni daga nan Afirka ta Yamma?

Akwai. A Kutunse kusa da Akara, Ghana ta mayar da tsohon dish na sadarwa mai faɗin mita 32 ya zama na'urar sauraren sararin samaniya, aka ƙaddamar da shi a Agusta 2017. Cikin ayyukansa har da bin siginar metanol ta gigahaz 6.7, wadda Karl Menten ya gano a 1991. Wannan sigina mai ƙarfi ce ƙwarai, daga kewayen manyan jinjiran taurari take fitowa, kuma tana hawa tana sauka, don haka tana buƙatar mai sa ido kullum, abin da manyan na'urori ba su da lokacinsa.

Bayanan ALMA kuma ana buɗe su ga kowa shekara ɗaya bayan an miƙa wa masu su, na Webb ma galibi haka. Ka koyi Python, ka sauke manhajar CARTA don duba bayanan, ko CASA idan za ka sarrafa su daga tushe. Kada ka fara da ɗanyen bayani, yana iya kai ɗaruruwan gigabait. Ka ɗauki wanda aka riga aka tace, na tauraro ɗaya da zango ɗaya. Ka zaɓi IRAS 16293 B, ka nemo layukan metanol mai kabon-13, ka fitar da zafin gas ɗin daga ƙarfinsu, sannan ka gwada da abin da tawagar Jørgensen ta wallafa. Idan lambarka ta sha bamban da tasu, fara duba ko ɗaya daga layukan da ka zaɓa ya hau kan na wani sinadari, sannan ka duba ko ka cire hasken ƙura daidai kafin ka auna.